Ajiya

Ruwan Yuni ya shigo shagona a kasuwar Mil Sha Biyu,
ya bar albasa, buhuna suna kan katako,
ya bi ƙarƙashin benci ya sami ɗan littafina
mai shuɗin bango, wanda na saya a Ketu.
Kalmomin sirri goma sha bakwai ke ciki:
na banki biyu, ta imel, ta kuɗin wuta,
ta makarantar Umaima, da wasu da na manta ƙofarsu.
Da gari ya waye, tawada ta zama kunu.

In faɗi gaskiya, rabinsu kalma ɗaya ce,
sunan garinmu da shekarar da na sauka Ikko,
ina juya ta kamar rigar da ta koɗe.

Bara, Badamasi mai tattasai
yana cikin danfo a cunkoson Oshodi,
waya na ƙara, kuɗi na fita,
kamar gero daga hujajjen buhu.
Kafin ya kai Ojota, ba ko na mota.

Umaima ta ce, Baba, akwai manhaja,
ma'aji ce, ita ke riƙe makullai duka.
Na ce, yarinya, ban taɓa ba da ajiya
ga wanda ban ga ƙwayar idonsa ba.

Amma na tuna zuwana na fari,
da ƙullin kuɗi a lalita, ba wurin kwana.
Kafin in miƙa wa Alhaji Ilu na Agege
sai da na yi kwana uku ina tambaya:
wa ya san shi, ya taɓa cin amana,
in na tashi tafiya zai ba ni abina?

Tambayoyin nan na ɗauka zuwa Ikeja,
wurin Folarin, mai gyaran waya a bakin gada.
Ya jera mini huɗu a allo, kamar samfurin tumatir.
Na ce, masu ita suna iya leƙa jakata?
Ya ce, wannan tun daga wayarka take kullewa,
su kansu ba su da makullin.
An taɓa fasa rumbunsu?
In an fasa, sun faɗa ko sun rufe da tabarma?
In yaran titi suka fizge wayar nan a Obalande,
ina zan ga kayana?
In na gaji da su, zan kwashe in tafi
ko ƙofar shiga ce kawai suka gina?

Folarin ya yi dariya har ya ajiye sukundireba.
Ya ce, Malam, kai ma injiniya ne.
Na ce, a'a, dillali ne.

Akwai ta kyauta. Araha ba ta ado,
amma na sha sayar da ruɓaɓɓiya da tsada
lokacin ƙuruciya, Allah ya yafe.
Ban duba farashi ba, ban duba launi ba.
Na zaɓi wadda ke barin baƙo ya binciki gininta,
kamar mai awo da ke cika mudu a gaban mai saye.

Saura ɗaya, in ji shi, uwar makullai.
Doguwa, kai kaɗai, in ka manta ba mai ceto.

A hanyar gida ruwa ya sake tsinkewa.
Kwandasta na rataye a ƙofa yana kiran Ketu,
ni kuwa ina haɗa kalmomi biyar
waɗanda ba su taɓa zama a layi ɗaya ba.
Na rubuta su sau ɗaya, na naɗe a leda,
na ajiye inda ambaliya ba ta hawa.

Kada ka jira su a baiti na gaba.
Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.